Haƙƙin Dabba Tun Daga Dangwali Har Zuwa Kwata

Assalamu alaikum Edita. Muna roƙon ka ba mu fili a jaridarka mu yi magana da masu kiwo, dillalan kara, rundawa, masu motocin ɗaukar shanu, da duk mai sayen nono ko tsire a Sakkwato da kewayenta.

A Turai da Amurka an daɗe ana muhawara kan ko ya dace ɗan Adam ya ci nama ko ya sha madara. Tun 1944 wasu suka kafa ƙungiya a Ingila ta masu ƙaurace wa duk abin da ya fito daga jikin dabba, kuma yanzu bidiyoyinsu na shigowa wayoyin yaranmu. A wurinmu asalin hukuncin ba shi da ruɗani. Allah Ya ce a Suratun Nahli Ya halitta mana dabbobin ni'ima, a cikinsu akwai abin ɗumi da amfani iri-iri, kuma daga gare su muke ci. A surar dai Ya ambaci nono mai tsarki da ke fitowa tsakanin tumbi da jini. Amma wasu daga cikin abubuwan da mutanen can ke kuka da su gaskiya ne: ana raba maraƙi da uwarsa kwana ɗaya da haihuwa, ana tsare saniya a kan siminti tsawon rayuwarta. Mu ba mu da irin waɗannan manyan gonaki da yawa, sai dai muna da namu laifin, kuma mun saba da shi har ba ma ganinsa. An halatta mana yanka da tatsa ne tare da sharaɗi. Hadisin Shaddadu ɗan Ausu da Muslim ya ruwaito, wanda kowane ɗan makarantar Islamiyya ya haddace a cikin Arba'una, ya ce Allah Ya wajabta kyautatawa a kan komai, wanda zai yi yanka ya kyautata yankan, ya wasa wuƙarsa, ya hutar da abin yankansa. Wannan kyautatawar muke so mu warware filla-filla, domin a aikace ne take ɓacewa.

Mu fara da maraƙi, don shi ne wanda aka fi zalunta kuma ba shi da mai yi masa magana. Maraƙin shanunmu na gida irin Gudali ko Rahaji yana faɗowa da nauyin kilo 20 zuwa 25. Ba ya zuwa da garkuwar jiki daga mahaifa, sai ya same ta daga dakashi, wato nonon farko mai kauri mai launin ɗorawa. Hanjinsa yana iya tsotse wannan garkuwa sosai a cikin awa 6 na farko, kuma bayan awa 24 ƙofar ta kusa rufewa gaba ɗaya. Duk maraƙin da bai sha dakashi ya ƙoshi ba a yinin farko, shi ne za ka gani da zawo ko ciwon cibiya ko tari kafin ya yi wata guda. Saboda haka kwana 4 zuwa 5 na farko babu rabon ƙwarya a jikin nagge, na ɗanta ne duka. A shafa wa cibiyarsa aidin, a ajiye shi a busasshen wuri.

Bayan nan lissafin mai sauƙi ne. Maraƙi yana buƙatar nono kimanin kashi 1 cikin 10 na nauyinsa a kowace rana, wato lita 2 zuwa 2 da rabi tun daga farko, yana ƙaruwa yayin da yake girma. Saniyarmu ta gida, in damina ta zauna kuma ciyawa ta wadata, tana iya ciyar da shi har a sami rarar sayarwa. Amma daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 kuma daji ya zama fako, abin da ke hantsarta gaba ɗaya da ƙyar yake kai abin da ɗan ke buƙata. To a nan ne ake ɗaure maraƙi a dangwali, wato igiyar ɗaure maruƙa, ya kwana, da asuba a sake shi ya tsotsa na ɗan lokaci don nonon ya sauko, sai a janye shi a tatse tas, a bar masa hantsa kamar tsumma. Shanunmu masu tozo ba sa sakin nono sai sun ji bakin ɗansu, shi ya sa ake amfani da shi a matsayin mabuɗi, sannan a hana shi abin da ya buɗe. Alamomin ba sa ɓuya: kwiɓi ya lotsa, gashi ya miƙe ya dushe, ciki ya yi tulu, yana lasar ƙasa. Asarar kuma mai garke take komawa, domin 'yar maraƙar da ta taso da yunwa takan yi jinkirin ɗaukar ciki na farko da shekara guda ko fiye, in ma ta rayu. Abin da muke ba da shawara shi ne a bar wa maraƙi kan nono biyu cikin huɗu ba a taɓa ba har ya cika wata 2, a riƙa sauya ɓangaren, kuma da bazara in saniya ta rame a daina tatsarta ɗungurungum. An ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci wani sahabi da ke tatsa da ya bar saura a hantsa, kuma malamanmu sun bayyana cewa ba ya halatta a tatsi abin da zai cutar da ɗan dabba.

Mun san abin da za a ce mana. Kuɗin nono shi ne kuɗin cefanen matar ruga, da shi take sayen gero da gishiri da sabulu, kuma ba don mugunta take tatsewa ba. Haka ne. Shi ya sa maganar ta koma kan maigida da abin da yake zuba wa saniyar. Nono daga baki yake shiga. Saniya mai shayarwa a zafin Sakkwato tana shan ruwa lita 40 zuwa 50 a yini, in an ba ta sau ɗaya kawai a mashaya mai nisa rabin ƙarfinta a hanya yake ƙarewa. Kilo 1 zuwa 2 na dusa haɗe da angurya ko ƙulin gyaɗa a kullum, da harawar wake da aka adana a kan rufi tun kaka, da ɗiyan gawo, da gishirin lasa, sun isa su sauya kamannin uwa da ɗa cikin 'yan makonni. Sayar da bijimi ɗaya a watan Disamba yana da ƙiba, a sayi abincin rani da kuɗinsa, ya fi a riƙe shi har watan Mayu a sayar da shanu uku a kwance. Sannan a daina tatsar saniya mai ciki wata 2 kafin ta haihu, hantsa na buƙatar wannan hutun don ta tara dakashi na gaba.

A wajen tatsar kanta, ciwon hantsa ne babbar musiba, kuma hannu ne ke yaɗa shi. A wanke hannu da sabulu, a goge hantsa da tsumma mai tsabta, a fara matso tsirtuwa biyu ko uku daga kowane kan nono a cikin baƙin kofi. In an ga gudaji, ko ruwa-ruwa, ko jini, ko hantsar ta yi zafi ta taurare, wannan saniyar ita za a tatsa a ƙarshe kuma nononta ba na sayarwa ba ne. A matsa da tafin hannu gaba ɗaya, kada a finciko kan nonon da yatsa biyu, domin finciko yana yage fatar ciki. A tace da ƙyalle mai tsabta a tafasa kafin a zuba makwarin kindirmo. Tsami ba ya kashe ƙwayar tarin fuka ko ta bakkale, wato ciwon da ke sa shanu ɓari, yadda wuta ke yi, kuma cututtukan biyu suna wucewa daga saniya zuwa mutum. Saniyar da ta yi ɓari a watanni na ƙarshe, kada a taɓa ɗan tayin da mabiyiyar da hannu tsirara, a haƙa rami a binne, a ware ta daga garke a kira ma'aikacin dabbobi.

Sai maganar allura. Yau kowace kasuwar ƙauye akwai mai tebur yana sayar da maganin dabbobi a rana, kuma makiyayi yana yi wa shanunsa allura da kansa, da ƙiyasi. Kowace kwalba tana da kwanakin jira a rubuce a jikinta, wato lokacin da za a ɗauka kafin a sha nonon ko a ci naman. Allurar nan mai dogon aiki ta oksitetirasaikilin, yawancin kamfanoni kan rubuta kusan mako guda ga nono, mako 3 zuwa 4 ga nama. Ta ibamektin da ake yi don kaska da tsutsa, ba a so a yi wa saniyar da ake shan nononta sam. Abin da ke faruwa kuwa, a yi allura da yamma, da safe nono ya tafi kasuwa. Ko dabba ta ƙi tashi bayan allura uku, sai a ce a gaggauta kai ta kwata kafin ta zama mushe. Yaron da ya sha wannan fura ya sha magani bai sani ba, kuma ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin har ranar da za a rubuta masa irinsa a asibiti ya ƙi ci. Ita ma dabbar an cuce ta, domin rabin awo ba ya warkarwa, kuma allurar da aka soka da ƙazamar sirinji a cinya tana zama ƙurji mai mugunya da mahauci zai yanke ya zubar.

Ga masu kuɗin da ke sha'awar shigo da shanun Turai masu baƙi da fari, muna roƙon su yi tunani tun kafin su biya. A ƙasarsu suna ba da lita 25 zuwa 30 a rana, amma zafi yana fara takura musu tun daga digiri 25. In ba a tanadi rumfa mai tsawo, da iska, da ruwan fesawa, da abincin shekara guda ba, za a kawo su ne su yi ta haki har su mutu. Barbara tsakaninsu da Gudali, rabi da rabi, ta fi dacewa da ƙasarmu, kuma kada a yi wa ƙaramar karsana baye da irin babban sa, haihuwar kan gagara.

A kara kuma akwai tsohuwar yaudara da Annabi (SAW) ya hana da bakinsa, wadda Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira: ƙin tatsar dabba kwana da kwanaki don hantsarta ta cika mai saye ya ɗauka mai nono ce. Ya ba mai saye zaɓin mayar da ita tare da sa'i ɗaya na dabino. Hantsar da aka bari ta kumbura haka azaba ce ga dabbar kuma hanya ce ta ciwo. Haka ɗura wa sa ruwa da gishiri ko kanwa daf da ciniki don cikinsa ya tashi. Haka lalas a fuska, wanda hadisin Jabir a Muslim ya hana ƙarara. In shaida ta zama dole, a yi ta ƙarama a ƙasan cinya ko a kunne, domin lalas a gadon baya yana lalata fatar da majemi zai saya. Jar akuyarmu ta yi suna ne saboda fatarta, wadda fatake suka riƙa ƙetara Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko, ga shi yau ƙaya da ƙazuwa da wuƙar fiɗa suna rage mata daraja.

Lodin mota shi ne wurin da zuciya ke ƙuna. Daga Illela ko Acida zuwa Legas tafiya ce ta kusan kilomita 1000 ko fiye. Tirela mai tsawon mita 12 da faɗin mita 2 da rabi, in za a ba kowace saniya matsakaiciya abin da ya kai murabba'in mita 1 da 'yan kai ta tsaya, shanu 20 zuwa 25 za ta ɗauka, masu dogon ƙaho ma ƙasa da haka. Amma sai a kwantar da su a ɗaure, wuya a murɗe, wata a kan wata, ƙahon wannan a cikin waccan, mutane da buhuna a sama. Dabba mai tuƙa in ta daɗe kwance a gefe ɗaya ba ta iya gyatsa, iska ta taru a tumbi ta danne huhu, shi ne kumburin da ke kashe su a hanya. A zuba yashi mai kauri a ƙasan mota don kada su zame, a raba manya da ƙanana, a yi lodi da sanyin yamma, a tsaya a shayar da su. Kowace kara tana buƙatar gangaren lodi na ƙasa ko siminti wanda ba shi da tsayi sosai. Rashinsa ne ke sa ana murɗe wutsiya har ta karye, ana jan ƙaho, ana turo sa ya faɗo daga bayan mota. Wannan aikin ƙananan hukumomin da ke karɓar kuɗin shiga a kasuwannin ne, kuma ba shi da tsada. Akuyar da aka ɗaure ƙafa huɗu a bayan babur kanta na lilo kusa da salansa, da kajin da aka rataye kai ƙasa tun daga ƙauye, duk hukuncinsu ɗaya.

Mahauci ma yana asara a nan ko bai lura ba. Dabbar da ta galabaita ta ƙone sukarin da ke cikin tsokarta, don haka bayan yanka namanta yakan yi duhu, ya bushe, ya yi saurin wari. Inda sanda ta sauka kuwa jini ne kwance, sai an yanke an yar. A bar dabba ta huta awa 12 zuwa 24 a inuwa kafin yanka, ruwa a gabanta koyaushe.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne yanka shanu masu ciki. Duk wanda ya taɓa tsayawa a inda ake zubar da kayan ciki a kwata da asuba ya san abin da muke nufi. Saniya wata 9 take ɗauka, akuya da tunkiya wata 5. Mai ciki takan yi kyan gani, dillali ya yaba, mahauci ya saya, sai an farke a ga ɗan tayi da gashinsa. An yi asarar maraƙi, da nonon shekara guda, da uwar da ta tabbata mai haihuwa ce. Gane cikin ba wuya: ma'aikacin da ya ƙware yana sa hannu da safar roba ta dubura ya faɗa maka cikin minti biyu, tun cikin yana wata 2 zuwa 3. Muna kira ga Sarkin Fawa da shugabannin rundawa da hukumar kula da dabbobi ta jiha su sa wannan dubawar ta zama ƙa'ida a ƙofar shiga, ba bayan yanka ba, kuma a samar da hanyar da masu turka za su saye wadda aka gano, don kada asarar ta faɗa kan mahauci shi kaɗai, in ba haka ba zai kai ta wani wuri a ɓoye ya yanka. Tsangayar koyon likitancin dabbobi ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana yaye ɗalibai kowace shekara, hannun da za su yi aikin yana nan.

Yankan kansa, a mazhabarmu ta Malikiyya, shi ne yanke maƙoshi da manyan jijiyoyin wuya biyu, daga gaba, da niyya da ambaton Allah, ba tare da ɗage hannu a dawo ba, kuma zakaran wuya ya kasance ta ɓangaren kai. Wuƙa ta kai ninki biyu na faɗin wuyan: kamar santimita 40 zuwa 45 ga sa, rabin haka ga rago. Gajerar wuƙa ita ke sa ana gurzawa kamar zarto. A wasa ta tun kafin a kayar da dabbar, ba a gabanta ba. Ibnu Abbas ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya ga wani ya take akuya yana wasa wuƙa tana kallonsa, ya tsawata masa da cewa yana so ya kashe ta fiye da sau ɗaya ne. Kada a yanka wata a gaban wata. A kayar da sa da igiya ɗaya da aka zagaya ƙirji da kwankwaso a ja ta baya, zai durƙusa da kansa. Sare jijiyar agara don ya faɗi zalunci ne tsantsa. Rago yakan fita hayyacinsa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, amma sa yana iya kai minti guda ko fiye, domin akwai wasu jijiyoyi a cikin ƙashin wuyansa da ke ci gaba da kai jini ƙwaƙwalwa, kuma bakin jijiyar da aka yanke kan toshe da gudan jini. Yanka kusa da muƙamuƙi, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, yana rage wannan toshewar. Kada a karya wuya, kada a soke lakar baya, kada a watsa ruwa a wurin yankan, kada a fara fiɗa ko cire ƙafa sai motsi ya tsaya cak kuma an taɓa ƙwayar ido ba ta ƙifta ba. Jiran bai wuce minti 3 zuwa 5 ba, gaggawar kasuwar safe ce ke cinye shi.

Masu turkar ragon layya a cikin gari su ma su ji. Dusa zalla ba harawa, ga ƙarancin ruwa, ita ke haifar da tsakuwa a mafitsara. Za ka ga rago yana nishi, yana ɗaga wutsiya, fitsari na ɗiga ko ya tsaya, in aka yi sake mafitsarar ta fashe. Rabin abincinsa ya zama harawa ko ciyawa, a sa gishiri kaɗan don ya sha ruwa da yawa. Kada a juye masa ragowar tuwo ko gero mai yawa rana ɗaya, tumbi yana tsami ya kashe shi cikin kwana biyu. A ƙara hatsi sannu a hankali cikin mako 2. Igiyar turke ta kai mita 2, a ɗaura ta yadda ba za ta shaƙe ba, a yi masa inuwa. Awaki da shanun da ake saki suna kiwo a bola kuwa, leda suke haɗiya, tana dunƙulewa a tumbi ta yi kilo da yawa, dabba tana ci tana ramewa, magani ba ya yi sai tiyata.

Muna roƙon limamanmu su ware huɗuba ɗaya kafin Babbar Sallah kan ladubban yanka da haƙƙin abin kiwo, kuma ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya da aka kafa a 2024, tare da takwararta ta jiha, su fara da abubuwa uku da kuɗinsu bai kai na gini ɗaya ba: gangaren lodi da kwamin ruwa a kowace kara, mai duba ciki a ƙofar kowace kwata, da fassara kwanakin jiran magani zuwa Hausa da Fulatanci, da boko da ajami, a manna a kan teburin kowane mai sayar da allura.

Mun gode, Edita. Allah Ya ƙara wa jaridarka albarka.

Daga wasu ma'aikatan lafiyar dabbobi da masu kiwo,
Sakkwato.